Haya Ciniki Ce, Amma Ba Kamar Kowane Ciniki Ba

Tun da 'yan bindiga suka koro jama'a daga ƙauyukan Batsari, Jibiya da Safana, ɗaki ya yi daraja a birnin Katsina. A Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Ƙaura, magidanci kan biya kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, damina ta zo rufi na yoyo, ya jera robobi a tsakar ɗaki, mai gida kuwa ya ce in bai iya ba ya tashi. Shin 'yan haya na da hujja a addini in suka haɗa kai suka nemi Majalisar Dokokin Jiha ta sa baki?

Masu gidaje za su ce dukiyarsu ce, kuma Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina. Gaskiya ne, ga siminti ma ya yi tsada. Sai dai malamai irin su Ibn Taimiyya sun fassara wannan ƙin na Annabi (SAW) da tsadar da ba wanda ya ƙulla ta. Inda mai kaya ke cin gajiyar larurar mutane, hukuma na iya tilasta farashin da ya dace. Wanda ya kwana a waje da iyalinsa bai da zaɓin da ake kira yarda. Haya kuma sayen amfani ce, don haka karɓar cikakken kuɗi kan ɗakin da ke yoyo tauye awo ne. Jihar Legas ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda tun 2011. Katsina, da ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta fi cancantar dokar da za ta wajabta wa'adi kafin kora da gyara kafin ƙarin kuɗin haya.