Hanyar Burji: Wahalar Wani, Shaƙatawar Wani

A garin Emporia da ke jihar Kansas ta Amurka, kowace shekara dubban mutane kan taru da kekunansu su yi tseren mil 200, wato kimanin kilomita 320, a kan hanyoyin tsakuwa da suka ratsa gonaki da makiyaya. An fara shi a 2006 da mutum 34 kacal. Yau ana kiransa Unbound Gravel, kuma masu son shiga sun yi yawan da sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu gurbi. Abin ya bunƙasa har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a irin wannan hanya a 2022, a yankin Veneto na Italiya.

Keken da suke hawa na musamman ne: kansa lanƙwasasshe irin na tsere, tayarsa mai kauri kamar milimita 40 don ta jure tsakuwa, kuɗinsa kuwa kan kai dala dubu biyu ko uku, wani ma ya zarce haka. Galibin masu hawansa ba kofi suke nema ba. Ranar hutu suke fita su bar kwalta da hayaƙin mota, su shiga karkara. A jihohi irin Iowa da Nebraska an yanka hanyoyin gona murabba'i-murabba'i, mil ɗaya tsakanin wannan da waccan, hanya ta miƙe sak tsakanin gonakin masara har iya ganinka.

To, ai mu wannan hoton ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Gumel ko Haɗeja ko Daura ya san hanyar burji, ya san yadda kai ke zama ja da ƙura a rani, ya san yadda taya ke nutsewa a rairayi har sai ka sauka ka tura. Iyayenmu sun ci kasuwanni a kan Rali, buhun gero ɗaure a kariya, famfo da kayan faci a aljihu. Da yawanmu ma rashin hanya na cikin abin da ya koro mu Ikko da Badun da Shagamu. Shi ya sa idan yaranmu suka nuna mana a waya Bature ya biya kuɗi don ya sha ƙura, dariya ke fara zuwa. Amma bayan dariyar akwai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta: ya halatta mutum ya mai da wahalar wani abin shaƙatawarsa?

Tarihin Amurkar kanta ya ba da rabin amsa. A 1880 masu keke na can suka kafa ƙungiya mai suna League of American Wheelmen, kuma babban abin da ta yi fice a kansa shi ne matsa wa hukuma lamba a gyara hanyoyin karkara, tun mota ba ta cika gari ba. Kakanni sun yi fafutikar a raba su da taɓo da tsakuwa, jikoki kuma suna neman tsakuwar da kuɗinsu. Babu saɓani a nan in an duba da kyau. Jikan ya samu kwalta har ta gundure shi. Ranar da matarsa za ta haihu, a kan kwalta motar asibiti za ta zo. Tsakuwa ta zame masa daɗi ne tun daga ranar da ta daina zame masa dole.

Mu da muke azumi mun fi kowa gane wannan bambanci. Cikin mai azumin nafila da cikin wanda ya rasa abin ɗorawa a murhu duk wofi ne da la'asar, amma ɗaya ya san da magariba akwai kunu da ƙosai, ɗayan bai san ranar da za a kira masa sallar shan ruwa ba. Ba wanda zai ce mai azumi na yi wa mayunwaci izgili. Malamai ma sun karantar da mu cewa daga cikin hikimomin azumi har da mai wadata ya ɗanɗana abin da marashi ke ji, zuciyarsa ta yi laushi. Da wannan ma'auni za mu auna mai keken tsakuwa. Hawan kansa ba laifi ba ne. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Abin dubawa shi ne halin da ya dawo da shi gida. In ya dawo yana tuna manomin da ya wuce, madalla. In kuwa ya dawo yana fatan kada a taɓa gyara hanyar don kada hotonsa ya lalace, to nan ne nishaɗi ya koma zalunci.

Inda mutanen nan biyu suka fi yin kiciɓis shi ne nan Afirka. Tun 2021 ake yin wani tseren tsakuwa a yankin Masai Mara na Kenya, inda 'yan tsere daga Turai ke bin hanyoyin da makiyaya ke kora shanunsu. Masu shirya shi sun ɗaura shi a kan bai wa matasan Gabashin Afirka damar gogayya da manyan 'yan tsere a ƙasarsu. Ko ba komai, sun gane cewa mai wucewa yana da bashi a kansa ga mai zama.

Maganar ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Mu mazauna zango, idan Sallah ta zo muka je gida, matsayinmu ɗaya da na mai keken nan: masu wucewa ne. Za ka ji wani cikinmu na cewa, "Kai, wallahi ƙauye ya fi, ba hayaniya, ba cunkoso, Allah ya bar mana shi haka." Kwana biyar zai yi ya juyo Kudu. Ƙanensa ne zai zauna da damina lokacin da kwalbati ya karye, tumatir ya ruɓe a kwando saboda mota ta ƙi shigowa, mai naƙuda a ɗora ta a amalanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani kuma ya shigo da motarsa a guje, ya bule masu keke da 'yan tallan nono da ƙura, ko hannu bai ɗaga ba.

Akwai kuma ɗaya gefen da ya kamata mu karɓa daga waɗannan mutane. Mun wayi gari keke ya zama abin kunya, alamar talauci. A farkon shekarun 2000, da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga 'yan Najeriya su rungumi keke, ba'a ya sha. Ga shi yau fetur ya yi tsadar da ɗan acaba ke lissafin kowace lita, masu arzikin duniya kuwa na komawa ga abin da muka yar. Mai keke yana jin sallamar manomi ya amsa, yana ganin gonar da ta yi kyau da wadda gayya ta kamata. Tafiyar da ta ba ka damar gaisawa da mutane ba ta zama ci baya ba don kawai ba ta da sauri.

Addininmu ya sanya wa hanya haƙƙi: kame cutarwa, amsa sallama, da kawar da abin da zai cuci mai wucewa, wanda aka lissafa cikin sadaka. Haƙƙin nan yana kan mai keken dala dubu uku, yana kanmu. Ba kowane ƙauye ne zai ga kwalta nan kusa ba, amma burjin da aka zuba aka daddaɓe, aka yi masa magudanar ruwa, yana kai mara lafiya asibiti. Ƙungiyoyin garuruwanmu da ke nan zango suna tara kuɗin biki da na ta'aziyya; bana su ware wani abu na tifar burji da gyaran kwalbati kafin ruwa ya sauka, su kuma rubuta wa ƙaramar hukuma a turo gireda. Wanda zai je gida da mota ya rage gudu in ya hango mai keke, ya sauke gilashi ya yi sallama.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya sa mu zama masu amfanar hanyar da ta fito da mu.