Neman Taimakon Gyaran Magudanun Ruwa: Amana Ce A Wuyan Al'umma

 

Duk damina mutanen cikin birnin Kano sukan kwana da fargaba in hadari ya haɗo. Dalili kuwa shi ne, kududdufan da kakanni suka bari suna shanye ruwan sama an cike da yawansu an yi gini a kai, kwatoci kuma sun toshe da shara da leda, har rafin Jakara da ya ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi yakan kasa ɗaukar abin da ke kwararo masa. Dattawa ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da ruwa ya rushe dubban gidaje a Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Wasu sukan ce ai ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, amma wanda ya bar raƙuminsa sake ya ce ya dogara ga Allah, Manzon Allah ya umarce shi ya ɗaure shi tukuna. A zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ambaliya ta shiga Masallacin Harami ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga mazauninsa. Halifa ya taso daga Madina ya mayar da shi, sa'an nan ya sa aka gina shinge a saman Makka domin karkatar da ruwan. Watau tanadi tun kafin masifa ta sake aukuwa koyi ne da magabata.

To, irin wannan aiki ya fi ƙarfin aikin gayya na unguwa, sai an nemi kuɗi. Akwai asusun kula da muhalli na Tarayya wanda aka kafa a 1981. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda aka amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai kuma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, wanda Nijeriya ta shiga a 2005. Neman irin wannan taimako domin maslahar jama'a ba ya cikin roƙon da Shari'a ta ƙi.

Sai dai fa akwai sharuɗɗa. Wajibi ne mai rubuta takardar nema ya faɗi gaskiya, kada ya ƙara yawan ɓarna don a ƙara masa kuɗi. Wajibi ne hukuma ta bayyana wa jama'a wanne ne kyauta, wanne ne rance, gama kuɗin ACReSAL rance ne, na baya su ne za su biya. Ɗan kwangilar da ya rage siminti, ruwa ya zo ya rusa gini a kan bayin Allah, alhakinsu na wuyansa ranar gobe ƙiyama. Haka nan maigidan da ke zuba shara a kwata, shi ma ya ci amanar maƙwabcinsa, alhali kuwa kawar da ƙazanta daga hanya yana cikin rassan imani.

Saboda haka ya kamata limamai da masu unguwanni su haɗa kai da hukuma, su san abin da aka karɓo da sunan unguwanninsu, su kuma bi sawun inda aka kashe shi. Attajiran birni su tuna cewa hanyar ruwa da aka haƙa don amfanin mutane sadaka ce mai gudana.

Allah Ya kiyaye birnin Dabo da mutanensa, Ya sa damina ta zama ta albarka, amin.