Yadda Alƙali Ke Yanke Ciyarwar 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin ƙararrakin da ake kaiwa gaban alƙalan kotunan shari'a a ƙasar Gaya da Ajingi akwai ƙarar ciyarwar 'ya'ya, watau nafaƙa. Aure ya mutu, mace ta koma gidan iyayenta da goyo a baya da yaye a hannu, mijin kuwa ya ɗauke ƙafa, wai shi ba zai yi noma wadda ta bar gidansa ta ci ba. Wannan kuskure ne babba. Saki yana tsinka igiyar aure, amma ba ya raba uba da ɗansa. Abin da alƙali ke yankewa hakkin yaro ne, uwa karɓa kawai take yi domin yaron yana hannunta.

Kotunan nan, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki a shekarar 2000, suna hukunci ne bisa mazhabar Imamu Malik, da littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim. A cikinsu ciyarwa tana kan uba, ko da uwar mai dukiya ce. Ɗa namiji sai ya balaga da lafiyar neman na kansa, 'ya mace kuwa sai ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta.

To, nawa ne za a yanke? Shari'a ba ta ajiye adadi guda ga kowa ba. Sa'ad da Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) bai ƙayyade mata yawan dirhami ba, izini ya ba ta ta ɗebi abin da zai wadace ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Aya ta 7 ta Suratud Ɗalaƙ kuma ta ɗora wa mawadaci da matalauci kowa daidai ƙarfinsa. Saboda haka alƙali yakan auna abu uku.

Na farko, bukatar yaro: abinci da mahaɗinsa, da tufafin ɗari da na zafi, da wurin kwana. Alƙalan wannan zamani sukan haɗa da magani da kuɗin makaranta. Mai shan nono kuwa, in idda ta cika, uwarsa tana da ikon neman ladan shayarwa.

Na biyu, ƙarfin uba. Ma'aikaci a dubi albashinsa, ɗan kasuwa a dubi jarinsa, manomi a dubi damman geronsa da dawarsa da buhunan gyaɗarsa, sa'an nan a lissafa sauran iyalin da yake ciyarwa. Wanda ya ce ba shi da komai sai ya kawo shaidu, alhali a ƙauye maƙwabta sun san abin da ya shiga rumbun kowa.

Na uku, gari da lokaci. Farashin kwanon hatsi a kasuwar Gaya dabam yake da na birnin Kano, na kaka kuma ba ɗaya yake da na tsakiyar damina ba. Shi ya sa abin da aka yanke kafin cire tallafin man fetur a shekarar 2023 ba lalle ne ya ciyar da yaro a yau ba. Uwa tana iya komawa kotu a sake awo, haka ma uban da samunsa ya ragu.

Lokacin biya shi ma yana bin yadda mutum ke samu. Mai albashi wata-wata, ɗan ƙwadago kullum ko mako-mako, manomi kuwa ana iya yanke masa hatsi maimakon kuɗi.

Akwai wani hukunci da mata da yawa ba su sani ba. A mazhabar Malik, ciyarwar yaro ta kwanakin da suka wuce tana faɗuwa daga kan uba, sai fa in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuwa wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba. Saboda haka matar da ta shekara uku tana sayar da ƙuli-ƙuli tana ciyar da 'ya'yanta, kunya ta hana ta magana, tana iya shan wuya in ta zo neman abin baya. Abin da ya kamata shi ne a nemi sulhu da wuri ta hannun waliyyai ko Hukumar Hisba, in ya faskara a je kotu, in kuma za ta ciyar ta kafa shaidu cewa bashi ne a kan uban.

Uwa ita ma ta ji tsoron Allah, amana aka danƙa mata, kada ta karkatar da ita, kada kuma ta hana uba ganin 'ya'yansa. Uban da ya ɓoye samunsa don a rage masa kuwa, ya sani alƙali da zahiri yake hukunci, amma akwai ranar da yaron da ya kwana da yunwa zai tsaya da shi gaban Alƙalin da ba a ɓoye Masa komai.

Allah Ya ba iyaye ikon sauke wannan nauyi, Ya shiryi zuriyar Musulmi baki ɗaya. Amin.