Wasiƙar Annabi Irmiya Ga Matar Soja A Sabon Bariki



A cikin majami'unmu akwai mata waɗanda suke zama a bencin baya ranar Lahadi, suna fita da zarar an gama Misa, ba wanda ya san sunansu. Waɗansunsu matan sojoji ne da aka yi wa mazansu canjin wurin aiki karo na fari. Yarinyar da ta girma a Kafancan ta wayi gari a barikin Inugu, 'yar Makurɗi kuwa ta iske kanta a barikin Giginya na Sakkwato cikin zafin bazara. Ba uwa kusa, ba ƙanwa, ba ƙawa. Sau da yawa ma kafin a gama kwance kaya an tura maigida bakin daga, kamar yadda ya sami iyalai masu yawa tun lokacin yaƙin Laberiya a 1990, da kuma bayan kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013.

Gare ku muke fara magana, 'ya'yanmu mata. Kewar gida ba zunubi ba ce, hawayen dare kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Uwargida Maryamu kanta ta ɗanɗani wannan. Cikin dare Waliyi Yusufu ya tashe ta da jariri Yesu, suka nufi Masar, ƙasar da ba danginsu, bisa umarnin da ba su suka zaɓi ranarsa ba. Wadda ta yi baƙunci a Masar ta san nauyin zuciyarku.

Amma akwai jaraba guda da muke so ku lura da ita, wato zaman jira. Mace takan ce a ranta, baƙo raɓa ne, gobe ma za a sake ɗaga mu. Sai ta bar akwati a ɗaure, ta ƙi sanin maƙwabta, ta ƙi shiga zumunta. Jikinta yana bariki, zuciyarta tana gidan uwarta. Ta haka kaɗaici yakan zama ɗaci, ɗacin kuma ya sauka a kan miji da yara.

Mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Kristi sun faɗa cikin irin wannan hali. Annabawan ƙarya suna yi musu alkawarin komawa da wuri, su kuwa suna zaune suna jira. Sai Allah ya sa Annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa, wadda muke da ita a sura ta 29 ta littafinsa. Ya umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su kuma yi wa birnin da suke baƙunci addu'a, gama zaman lafiyarsa shi ne nasu. Allah bai tsaya a Urushalima ya bar su ba. Yana tare da su a can.

Saboda haka, 'yarmu, ki kwance akwatinki. Ki rataye gicciye a bango tun ranar fari. Ki shuka yakuwa ko alayyafo a bayan ɗaki, ko da wata ce za ta tsinka. Ki je ki gai da Magajiyar bariki, ki nemi Fada mai kula da sojoji, ki ba da sunanki a Zumuntar Mata Katolika. Ki tsai da lokacin Rosari da yara kowane dare. Ki kira gida, amma kada waya ta hana ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya. Idan baƙin ciki ya hana ki barci da abinci har makonni, ki faɗa wa Fada, ki kuma ga likita. Wannan ba abin kunya ba ne.

Ku mazaje, a wurin aiki kuna da abokai tun ranar da kuka iso, ita kuwa ba ta da kowa sai ku. Ku saurare ta, kada ku ce mata ta yi haƙuri kawai ku fita.

Mu kuma jama'ar Ekklesiya, akwai hakki a wuyanmu. A cikin wasiƙarsa kan iyali ta 1981, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya lissafta iyalan sojoji cikin waɗanda suke bukatar kulawa ta musamman. Zumunta a ƙafa take. Kada mu jira baƙuwa ta gabatar da kanta. A wannan mako kowace zumunta ta zaɓi mata biyu su kai ziyara bariki, su tambayi suna, su nuna hanyar kasuwa da asibiti, su dawo da ita Misa ranar Lahadi, ta zauna a tsakiyarmu.

Bari Iyali Mai Tsarki, Yesu da Maryamu da Yusufu, su kiyaye sojojinmu da iyalansu duk inda aka tura su. Amin.