Kyanwa Ta Kawo Ɓera Masallaci: Laifin Wa?

Ranar Talatar da ta wuce, ladan ya zo buɗe ƙofa da asuba ya tarar da mataccen ɓera a kan dardumar sahun farko, kyanwar nan ta masallaci tana zaune gefe tana lasar hannu. Kafin a tayar da salla magana ta yi zafi. Wani ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Wani ya ce a ba ta guba kowa ya huta. Wani matashi har ya ɗauko sanda. Da ma koken ya daɗe, don masu shagunan wake da masara sun sha cewa tasu kyanwar na shigo musu da ɓera ko ƙadangare har ɗakin kwana, wani lokacin ma da sauran ransa.

To, mu tambayi kanmu: me ya sa muka ajiye ta tun farko? Ai don ta kama ɓera ne. Buhunanmu ne ake ɓarkewa, mu muka nemo ta. Ta yi aikin, ta kawo abin da ta kama inda ta fi sakin jiki, wato wurinmu, sai kuma mu ce muguwa ce? Hatta wasan da take yi da ɓera mai rai halitta ce, da haka uwa ke koya wa 'ya'yanta farauta. Mahautan cikinmu sun san irin wannan: mutum na son nama a tukunya, amma ya ga jini a rigar mahauci sai ya yatsine fuska. Muna son amfanin, ba ma son ganin yadda aka same shi.

Kyanwa ba ta da hankalin da za a ɗora mata shari'a. Mu ne za a tambaya. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo laƙabinsa. Saboda haka maganar guba da sanda ba ta taso ba.

Amma masu ƙorafi ma suna da gaskiyarsu, kada mu raina ta. Mushen ɓera najasa ne, in ya ɓata darduma sai an wanke. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Wani nau'in ɓera ke ɗauke da cutar, tana shiga jikin mutum ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, ko ta taɓa jininsa. Nan Jihar Ondo da maƙwabciyarmu Edo suna cikin inda ta fi kama mutane, musamman da rani. Wanda ya ce yana tsoron ɓera a ɗakin 'ya'yansa bai yi ƙarya ba.

Sai dai ɓeran da kyanwa ta kawo, ba ita ta halicce shi ba. Da ma yana nan, yana yawo cikin garin rogo da shinkafarmu da dare. Ita dai ta nuna mana abin da ba mu son gani. In mun kore ta, gawar za ta daina bayyana, masu rai kuma su ƙaru. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ya bar sauran tuwo a buɗe? Wa ya tara shara bayan wurin alwala?

Ga abin da muka tsayar da Malam Liman. Kyanwa za ta zauna, za a riƙa ba ta abinci da ruwa a waje, a toshe ramin ƙasan ƙofa don kada ta shiga da dare. Duk wanda ya tarar da gawar ɓera, a masallaci ko a gida, kada ya taɓa da hannu. A kwashe da shebur ko a sa leda a hannu, a binne, a wanke wurin da hannuwa da sabulu. A hana yara wasa da shi. A rufe abinci a mazubi mai murfi. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuwa, a tafi asibiti da wuri, kada a tsaya kemis.

Gobe Asabar bayan sallar asuba za mu kwashe sharar bayan masallaci. Mai shebur ko baro ya zo da shi. Allah Ya ba mu tausayin abin da ke ƙarƙashinmu, Ya kare mu da iyalanmu. Amin.

Sakataren Masallaci