Kunya Ce Ko Tsoro? Mu da Idon Waya

Kwanan baya an ɗaura aure a nan unguwa. Wani dattijo ya yi wa ango nasiha kusan rabin awa, ko gargada babu. Da aka watse, ƙanen amarya ya ɗaga waya ya ce, "Baba, a ɗan maimaita mana mu tura wa 'yan uwa na Kano." Nan take bakin Baba ya mutu. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya sau uku, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, sauke abin nan." Muka yi ta dariya. To amma wa ya tsira a cikinmu?

In ka tambaya sai a ce kunya ce, kunya kuwa ado ce. Ni dai ban yarda duka kunya ce ba. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Waya ta haɗa mana su biyun: kana zaune a tsakar gidanka, muryarka tana can dawa, wurin mutanen da ba ka ganin fuskarsu.

Tsoron nan iri biyu ne. Na farko, tsoron kada a ce muryata ba daɗi, ko haƙorina ya fito, ko a yi mini dariya. Wannan damuwa ce da kai kawai, kuma ya kamata a yaƙe shi. Na biyu, tsoron inda magana za ta sauka. Shi kam a riƙe shi da kyau. Mu mazauna Madakiya ba sai an koya mana ba. Rikicin Maris 1987 daga magana ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, alhali lokacin ba mai waya a aljihu. Yau fa, da bidiyon minti ɗaya ke isa Legas kafin ka gama shan shayi?

Ga inda matsalar take: masu tsoro na biyun, wato masu auna magana, su ne na farkon ya fi ɗaurewa. Sai suka bar fili ga wanda ba ya jin ko ɗaya. Shi ke magana da sunan unguwa, shi maƙwabtanmu Bajju ke gani a WhatsApp, su ɗauka haka duk muke. Ashe shirun mai hankali ma yana da nasa alhakin.

Annabi Musa (AS), wanda mu da maƙwabtanmu Kirista duk mun san labarinsa, da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi a warware masa ƙullin harshe, kuma ya tafi. Bai ce sai ya zama gwani ba.

Saboda haka fara da kaɗan. San jimlarka ta farko tun kafin a danna. Dubi idon kyamarar kamar mutum ɗaya da ka saba da shi, ba taro ba. Fuskanci haske, ja numfashi, kada ka wuce minti ɗaya. Ɗauka, kalla, goge, sake. Ta biyar ba za ta zama kamar ta farko ba. Mai sayar da citta ya gwada da nuna buhunsa, uwargida ta gwada da gaishe da ɗanta na makaranta.

Amma kafin ka tura, tambayi kanka: zan iya faɗin wannan a kasuwar Kafanchan, a gaban maƙwabcina, ido da ido? In eh, tura, ko da murya na rawa. In a'a, goge, ko da ta yi daɗi.

Allah Ya ba mu bakin faɗin alheri, Ya zaunar da mu lafiya.