Tantunan Mina da Tsoron Lissafi



Alhajin da ya kwana a Mina yau, yana kwana ne cikin tantin da ba ya saurin kama wuta. A da ba haka abin yake ba. A 1997 gobara ta tashi a Mina, ta hallaka mahajjata fiye da 300. Bayan nan ne hukumomin Saudiyya suka kafa tantunan zaren gilashi da aka shafe da Teflon. A 2006 kuma mutum fiye da 340 suka rasu a turmutsitsin wajen jifan Shaiɗan. Masanin kimiyya Bajamushe, Dirk Helbing, da abokan aikinsa suka zauna da bidiyon ranar, suka auna yadda taro ke motsi idan cunkoso ya kai inda mutum ba ya iko da ƙafarsa. Aka rushe tsohuwar gada, aka gina mai hawa biyar, mashiga daban, mafita daban.

To, wanda ya yi wannan awo, aikin duniya ya yi ko na addini? Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya sanya likitanci da lissafi cikin farali na kifaya: idan gari ya rasa mai yin su, kowa ya ɗauki laifi. Mu a ganinmu kare ran alhaji ya shiga nan.

Amma me muke ji a ajujuwanmu, daga Nima har Kumasi? "Malam, lissafi ba namu ba ne." Yaron da ke faɗin haka, shi ne zai raba maka gado, ya fitar da sumuni da sudusi da ka, ko alli bai taɓa ba. Lissafin da yake gudu a makarantar boko ke nan. A darasin gado ya yarda da kansa, domin ya ga malamansa da kakanninsa sun iya, ya kuma san amfanin abin: haƙƙin maraya ne. A ajin kimiyya kuwa ba wanda ya gaya masa cewa sunan aljabara ma daga littafin Khawarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza, kuma babban kashi na littafin kan wasiyya da rabon gado ne.

Laifin namu ne, mu malaman Larabci, fiye da na yaran. Muna karantar da babin Hajji kowace shekara, mu lissafa kwanakin Mina da tsakuwoyin jifa, ba mu taɓa tambayar ɗalibi mutum nawa gada za ta iya ɗauka cikin awa ɗaya ba.